Mutum-mutumi na Biyar

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye na bakin fadama. Da ƙaramin ɗansa, mai suna Filibus, ya isa noma, sai uban ya kai shi can ƙarshen fadamar, ya nuna masa wani yanki, ya ce, "Wannan gayaunarka ce. Abin da ka girbe a nan, da shi za ka fara naka rumbun."

Filibus ya shuka shinkafa. Ya yi noman farko, ya yi maimai, Allah kuma ya ba da ruwa. Shinkafa ta yi ciki, ta fid da kai, duk mai wucewa sai ya tsaya ya duba.

Amma masu noman shinkafa sun sani, makonnin ƙarshe su ne masu wuya. A lokacin ne ƙwaya take da ɗan farin ruwa a ciki kamar madara, a lokacin ne kuma tsuntsayen jan baki suke tasowa daga daji, dubbai a haɗe, kamar hayaƙi. In suka sauka a gona aka bar su, kafin a gama cin tuwo sun mai da ita ƙaiƙayi.

Mutanen ƙauyen suna da al'adarsu a kan wannan. Sukan kafa doguwar rumfa a tsakiyar fadama, su ja igiyoyi daga gona zuwa gona, su rataya sakaina da gwangwanaye, su ɗaure dukan igiyoyin a jikin rumfar. Mutum ɗaya in ya hau ya ja, sai fadamar duka ta ɗauki ƙara. Karɓa-karɓa suke yi. Wanda ya sauka yakan tafi gindin wata kanya ya sha kunu, ya miƙe bayansa, wani yana tsare masa gona.

Kwana biyu Filibus ya yi a cikin wannan tsari. A rana ta uku yana kwance a gindin kanya, sai ya kasa kunne, ya ji kamar gwangwanayen gonarsa ba sa ƙara kamar na sauran, gama tasa ce ta ƙarshe. Ya ce a ransa, "Wa zai ja igiya domin gonata kamar yadda zai ja domin tasa? Ina nan kwance, ana cinye ni." Ya tashi, ya je ya kwance igiyarsa daga ta jama'a, ya kafa 'yar rumfarsa shi kaɗai.

Kakarsa, wata tsohuwa mai suna Kande, tana da ɗan fili kusa da nasa. Ta gan shi yana naɗe igiyar, ta ce, "Angona, saki ka yi wa fadamar duka? Ni ma ina cikin waɗanda aka saka?"

Ya ce, "Kaka, ki bari. Ni zan tsare abina."

"Da ido nawa?"

"Zan yi mutum-mutumi."

Ta ce, "Yi ɗaya, ka riƙa sauya masa wuri bayan kwana biyu. Tsuntsu ba wawa ba ne. Abin da ya daɗe a tsaye bai motsa ba, yakan daina jin tsoronsa."

Filibus ya ga ɗaya ba zai isa ba. Ya shiga gidajen dangi neman tsofaffin tufafi. Kawunsa ya ba shi malafa da taguwa, ya ce, "Yayanka ya cika rumbu a shekararsa ta farko. Muna kallo." Gwaggonsa ta ba shi zane da ɗankwali, ta ce, "Na riga na gaya wa matan unguwa irin shinkafarka, kada ka mai da ni maƙaryaciya." Yayansa ya jefo masa riga yana dariya, ya ce, "Sa masa wannan, tsuntsayen fadamar sun san ni." Ubansa kuwa ya miƙa masa tsohuwar rigarsa, bai ce kome ba. Wannan shirun ya fi sauran maganganun yi wa Filibus nauyi, gama shi da kansa ya cika shi da kalmomi.

Ya cusa busasshiyar ciyawa a cikin tufafin, ya gicciya sanduna, ya kafa mutum-mutumi huɗu a kusurwoyin gona. Dukansu ya sa sun fuskanci daji, inda tsuntsaye suke fitowa.

Kashegari da safe ya hau rumfarsa, ya duba, sai ya ga mai malafar kawu ya juyo, yana fuskantar rumfar. Ya ce, "Iska ce." Ya sauka ya juya shi. Da gari ya sake wayewa, biyu ne suka juyo. Ya haƙa ramukan, ya ƙara zurfi, ya danna ƙasa da diddige. A rana ta huɗu dukansu huɗu sun ba daji baya, suna kallonsa. Ba su da idanu, tsumma ne kawai a ƙarƙashin malafa da ɗankwali, amma duk inda ya juya yana jin kallon a bayan wuyansa. Bai ƙara taɓa su ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Daga ranar ya kasa zama. In ya tsuguna, sai ya ga zanen gwaggo yana kaɗawa, ko da babu iska. In ya buɗe ƙwaryar abinci, sai ya ɗaga ido ya ga rigar ubansa a tsaye, hannuwa a buɗe, sai ya rufe ƙwaryar. Da tsakar rana yakan jiyo dariyar mutane daga gindin kanya, can nesa, kamar daga wani gari. Shi kuwa yana ihu, yana wurga majajjawa, yana jan 'yar igiyarsa, tun fitowar rana har faɗuwarta. Ranar Lahadi ma bai sauka ba.

Murya ce ta fara tafiya. Ya buɗe baki zai kori tsuntsaye, sai iska kawai ta fito. Bayan kwana biyu kafaɗarsa ta ƙi ɗaga majajjawa. Ya yi tunani, ya ce a ransa, "In ba zan iya ihu ba, ai zan iya tsayuwa." Ya sauko daga rumfa, ya shiga tsakiyar shinkafa, ya ja malafarsa ta rufe masa fuska, ya buɗe hannuwa, ya tsaya.

Rana ta take tsaka. Iska ta ɗauke, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Sai ya ji wani sauti kamar na yayyafi a kan ganye, ya san ba ruwa ba ne. Tsuntsayen sun sauka, ba tare da kuka ba. Wasu a kan malafar kawu, wasu a kan rigar yayansa. Ɗaya ya sauka a hannunsa na dama, ya ji ƙananan faratansa a fatarsa. Wani ya sauka a kafaɗarsa, yana goge bakinsa a wuyan rigarsa. Kewaye da shi kawunan shinkafa suna sunkuyawa suna tashi, yana ji ana fasa ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya so ya kaɗa hannu, hannun ya ƙi. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, ya fara jin cewa hakan ma ya fi sauƙi.

Can sai ga Kande tafe a kan kunya, tana dogara sanda, da ƙwaryar kunu a hannu. Ta wuce ta gabansa, zanenta ya kusa taɓa ƙafarsa. Ta je gindin rumfa ta ɗaga kai.

"Angona. Sauko, ko na kai wa wani saurayin kunun."

Ba kowa a kan rumfar. Ta juyo tana duban gonar, tana nunawa da sanda, tana ƙirgawa a fili kamar yadda tsofaffi suke yi. "Na kawunsa. Na gwaggonsa. Na yayansa. Na ubansa." Ta dakata. "To, wannan na biyar kuma rigar wa ya samo?"

Filibus ya kira ta a cikin ransa, bakinsa bai motsa ba. Ta matso a hankali, tsuntsayen suka ɗan tashi suka koma gefe. Ta sa bakin sanda ta ɗaga malafar. Suka dubi juna. Sa'an nan ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta kama hannunsa na dama da hannuwanta biyu, ta sauke shi, ta zaga ta sauke na hagu, ta ce, "Filibus." Rabonta da kiran sunansa tun yana goye. Sai ya zauna a cikin laka.

Da ya sha kunun, sai ta je wurin mai malafar kawu, ta jijjiga sandan, ta tuge shi, ta zazzage ciyawar a gabansa. Haka ta yi wa na biyu da na uku. Da ta kai ga rigar uban, Filibus ya ɗaga hannu yana so ya hana ta. Ta zura hannu a wuyan rigar, ta ciro ciyawa cike da tafinta, ta nuna masa. Ta ce, "Ni na haifi ubanka. Ba wannan ba ne. Ubanka yana da baki, je ka tambaye shi."

Ba sai ya je ba, gama an riga an kai wa uban labari. Uban ya zo da sauri, ƙafafunsa duk laka. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya zama ƙaiƙayi, Filibus ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai ji. Uban bai dubi gonar ba tukuna. Ya tsuguna, ya dafa goshin ɗansa, ya ce, "Na ba ka gona domin ka ci daga cikinta. Ban ba gona ɗana domin ta ci ba." Ya ɗauki igiyar da kansa, ya ja ta har rumfar jama'a, ya ɗaure. Aka kai Filibus gindin kanya, ya yi barci, wani yana ja masa igiya. Da lokacin girbi ya yi, ya girbe abin da ya ragu. Bai cika rumbu ba, amma ya kai shi wata damina, da iri a ajiye.

Ga ma'anar wannan misali, 'ya'yana, musamman ku da kuke aji biyar da aji shida na sakandare.

Gonar ita ce karatunku, makonnin ƙarshe kuwa su ne waɗannan shekaru biyu da jarrabawa take gabanku. Tsuntsayen gaskiya ne. Ba zan ce muku aikin ba shi da yawa ba, ko kuwa sakamako ba shi da muhimmanci. Dole ne a tsare gona. Kuskuren Filibus ba ƙwazo ba ne. Kuskurensa shi ne ya kwance igiyarsa.

Igiyar ita ce zumuncin da Allah ya sa ku a ciki: abokan da kuke bita tare, malamin da za ku iya ce masa ba ku gane ba, iyaye, da ikkilisiya. Wani a cikinku ya daina zuwa bitar rukuni domin yana tsoron a ga inda yake da rauni, ko domin kada wani ya amfana da abin da ya sani. Wata ta daina cin abincin kirki, ta daina zuwa sujada, tana ganin hutu zunubi ne. Ku tuna, Ubangiji ne ya kafa ranar hutu, shi ne kuma yake tsaron abin da yake naku sa'ad da kuke barci. Ɗalibin da ya yi awa uku a gaban littafi a buɗe, bai juya shafi ba, bai tashi ba, shi ne wanda ya buɗe hannuwa a tsakiyar gona. Daga nesa kamar yana tsaro, amma ana ci.

Mutum-mutumin nan huɗu su ne maganganun mutane da muke ɗauka mu cika da namu tsoron, mu kafa su su yi ta kallonmu. Wasu an faɗa da gaske, kuma mu manya muna bukatar tuba a kan yadda muke gwada ɗa da ɗan'uwansa. Amma da yawa ba wanda ya faɗa. Kafin ka yanke cewa mahaifinka zai juya maka baya in ka faɗi jarrabawa, je ka tambaye shi. Ubanku na sama kuwa ya ƙaunace ku tun ba ku iya riƙe fensir ba, kuma babu takardar sakamakon da za ta ƙara wa wannan ƙauna ko ta rage ta.

Abu na ƙarshe. Wanda ya kai inda Filibus ya kai ba ya iya kiran taimako, ko da yana so. Saboda haka gobe Litinin, in kun shiga aji, ku duba da kyau. Akwai wanda dā yakan yi dariya, yanzu ya yi shiru, kowa kuma yana yabonsa cewa ya natsu. Kada ku wuce ta gabansa. Ku ja kujera kusa da shi, ku tambaye shi ko ya karya kumallo.