Wayar Hakimi Ta Sa Tabarau

Wai Hakimin Tudun Gawo ya sayi tabarau mai tare hasken waya, amma barci ya ƙi zuwa, idanu na ta zafi. Ya sa aka kira Jatau mai tabarau.

"Ko tabarau ɗin nan ya kawo min barci, ko ka bar kasuwata."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, idonka ke fitar da hasken, ko wayar?"

"Wayar mana."

"To ai ita za a sa wa. Bayan isha'i a ɗora mata shi, a kulle su a akwati sai asuba."

Bayan mako Hakimi ya kira shi. "Barci har da minshari. Ban taɓa ganin tabarau mai aiki daga cikin akwati ba."

"Ai masu tsada haka suke, ranka ya daɗe."