Tabon Bayan Nomau

An ce a zamanin da, a wani birni mai ganuwa, an yi wani sarki wanda ba abin da ke faranta masa rai irin a tuna masa da Yaƙin Mashigi. Shekara ashirin da uku ke nan da yin yaƙin, lokacin yana Yarima. A can ya samo tabon mashi a ƙirji, mahaifinsa kuwa ya saka masa munduwar zinariya a hannu saboda wannan tabo. Wata rana sai ya sa aka yi shela cewa za a yi wa birni sabuwar ƙofa mai ƙyaure biyu. A ƙyauren dama za a sassaƙa sunayen waɗanda suka tsaya a yaƙin, a ba kowannensu munduwar azurfa. A na hagu kuwa za a sassaƙa sunayen waɗanda suka gudu, domin jikoki su gani su shiga taitayinsu.

Yadda ake rarrabe su kuwa ba wuya a wannan ƙasa. In an dawo daga yaƙi sai wanzami ya tuɓe kowa ya duba. Mai rauni a gaba ya tsaya, mai rauni a baya ya gudu, shi ke nan, sai magatakarda ya rubuta a kundi. Magatakardan shi ne Malam Tunau, dattijo mai tsabtar rubutu, wanda kullum yake alfahari cewa wuƙar kankare kuskure ba ta taɓa hawa kundinsa ba. Ni dai ban san abin da ke ruɗin mutum irin ya shekara talatin ba wanda ya ce masa ya yi kuskure ba.

Ranar da aka tara jama'a a fada domin a karanta sunaye, Malam Tunau ya buɗe kundi yana ta jera su cikin ƙasaita. Yana isowa kan sunan Nomau ɗan Arzika, sai wani tsoho mai tukar igiya ya miƙe daga can baya, ya tako da ƙyar, ya faɗi ya yi gaisuwa. Kowa ya san shi. Shi ne wanda ake kira Nomau Baya, wanda 'ya'yansa uku suka bar garin saboda gori.

Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Shekara ashirin da uku ina cikin takarda, na haƙura, don takarda gara kan ci ta. Amma ƙyaure zai daɗe bayan ni da jikokina. Ina roƙon kada a sa ni a hagu, domin ban gudu ba.”

Ran Malam Tunau ya ɓaci ƙwarai, don ji ya yi kamar an zage shi a bainar jama'a. Ya ce, “Ranka ya daɗe, alƙalami ya riga ya bushe. Ga abin da wanzami ya gani, na rubuta da hannuna.” Ya karanta da ƙarfi: “Nomau ɗan Arzika, dakare. Kibiya biyar a gadon baya. Mashi ya shiga ta bayan kafaɗar dama, ya ɓullo ta gaba. An zare shi, tsininsa ya karye, ba a gan shi ba. Ya gudu.”

Sarki ya dubi tsohon ya ce, “Ka ji. In ba gudu ka yi ba, me ya juya bayanka ga abokan gaba?”

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, “Zaki, na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan faɗa ba har in mutu.”

Fadawa suka fashe da dariya, wani ya ce ai kowa ya rasa hujja sai ya fake da rantsuwa. Dogarai har sun taso za su fitar da shi, sai Waziri Cindo ya ɗaga hannu. Shi wannan waziri bai halarci yaƙin ba, kuma mutum ne mai son ya taɓa abu da hannunsa kafin ya yarda. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Na yi farauta da yawa. Barewar da ke gudu, in ka same ta da kibiya ɗaya ka gode Allah. Wane irin mai gudu ne zai tsaya a dasa masa kibiya biyar a wuri guda, a ƙara masa da mashi?”

Malam Tunau ya mayar da idonsa kan kundinsa.

Waziri ya juya ga tsohon ya ce, “Baba, bakinka ka ɗaure da rantsuwa, ba za mu kwance shi ba. Amma tuɓe rigarka, ka nuna mana yadda kake lokacin da mashin ya same ka.”

Nomau ya tuɓe. Da mutane suka ga bayansa sai dariya ta ɗauke, don tabban nan biyar tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya duƙa, ya zagaya hannuwansa biyu a gaban ƙirjinsa, ya cusa kansa ƙasa. Ba wanda ya taɓa ganin mai gudu a haka. Waziri ya sa aka naɗe tabarma, aka ɗaura mata ƙwarya a sama a matsayin kai. Ya shafa gawayi a tabon da mashi ya ɓullo, ya miƙa wa Nomau tabarmar ya ce ya sake yin yadda ya yi. Tsohon ya rungume ta, ya kwanta a kanta. Da aka ɗaga ta sai ga baƙin gawayi ƙasa da ƙwaryar da taƙi ɗaya, ta wajen hagu.

Waziri ya ce, “Mutum ya rufe da jikinsa. Mashin da ya ratsa shi kuwa bai tsaya a iska ba, ya shiga ƙirjin wani ta hagu, can tsininsa ya karye. Malam, duba mana kundinka. Akwai wanda aka cire wa tsini ba a ga sauran mashin ba?”

Malam Tunau bai buƙaci dubawa ba. Tun kafin Waziri ya rufe baki ya gane layin da ake nufi. Layin nan ya haddace shi, don kowace shekara shi yake fara karantawa, maroƙa na kirari. Yana shafi na farko, na Nomau kuwa yana shafi na goma sha ɗaya. Da hannunsa ya rubuta su duka biyu, da tawada ɗaya, a yini ɗaya, amma shekara ashirin da uku bai taɓa haɗa su a zuciyarsa ba. Ya ga cewa in ya ce babu, ba wanda zai ƙaryata shi, domin ba mai taɓa kundin sai shi. Ya dubi tsohon nan da ke durƙushe ba riga, sai kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya juya shafi, ya karanta da murya ƙasa-ƙasa: “Yarima. An cire guntun tsinin mashi a ƙirjinsa ta hagu, ba a ga sauran mashin ba. Ya tsaya.”

Wani bafade ya yi salati a hankali. Waziri da kansa ma bai zaci nan maganar za ta ɓullo ba. Sarki kuwa hannunsa na kan ƙirjinsa, bai ma san ya kai shi can ba.

Can ya ce, “Abin da na sani, dokina ya yi tuntuɓe a bakin ruwa, na faɗo ta ka. Daga nan sai farkawa na yi a gaban mahaifina, yana ce mini na tsare mashigi ni kaɗai, zafin rauni ne ya mantar da ni.” Ya dubi Nomau ya ce, “A gaban wa ka yi rantsuwar nan?”

Nomau ya ce, “A gaban marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa.” Hawaye suka zubo masa. Ya ƙara da cewa, “Ku shaida ban faɗi komai ba, ranka ya daɗe.”

Wasu fadawa suka fara raɗa cewa a rufe maganar nan a nan, a ba tsohon doki da riga ya tafi. Sarki ya daka musu tsawa. Ya sauko daga karaga, abin da ba a taɓa gani ba a wannan fada, ya murɗe munduwar zinariya daga hannunsa, ya saka wa Nomau. Sa'an nan ya ɗauki rigar tsohon daga ƙasa ya rufa masa baya. Ya ce daga yau an daina yanke wa mutum hukunci da inda rauni ya same shi, kuma duk wanda aka rubuta ya gudu a kira shi, ko magadansa, a ji bakinsu da na shaidu kafin masassaƙi ya taɓa ƙyaure. An ce da aka yi haka sai da aka wanke mutum tara.

Ya juya ga Malam Tunau ya ce, “Kankare. Fara da nawa.”

Malam Tunau ya ce, “Zaki, me zan rubuta a wurin?”

Sarki ya ce, “Ban tsaya ba, ban gudu ba. Rubuta: ya faɗi, Nomau ya rufe shi.”

Malam Tunau ba shi da wuƙar kankare, sai da ya ari askar wanzami. Ya kankare shafi na farko, ya rubuta abin da aka ce. Ya buɗe na goma sha ɗaya, ya kankare kalmomi biyu, ya sa wasu biyu. Da tawada ta bushe sai ya rarrafa gaban tsohon ya ce, “Na zalunce ka da alƙalamina, ka yafe mini.”

Nomau ya ce, “Na yafe, Malam. Amma ni ban iya karatu ba. Karanta mini.”

Malam Tunau ya ɗaga murya yadda na bakin zaure za su ji, ya ce, “Nomau ɗan Arzika. Ya tsaya.”

Tsohon ya rufe ido. Can ya ce, “Sake, Malam.”