Maharazu da Makullin Bindigar Haliru

A garin Rano, ana saura shekara biyu a sami mulkin kai, an yi wani maƙeri mai suna Maharazu. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai Allah ya jarabce shi da girman kai. Tun da ya fara riƙe guduma ba a taɓa jin ya ce "ban iya ba", kuma duk wanda ya nemi ya duba aikinsa, to ya zage shi ke nan.

Wata rana da kaka, Haliru, wani tsohon soja da ke noma a Durba ta ƙasar Kibiya, ya kawo masa bindigarsa mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a sa harsashi. Makullinta ne ya tsage, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe ta a rufe lokacin harbi. In ya saki, wutar da za ta yi gaba fuskar maharbi take komowa.

Haliru ya ce, "Na zaga kantunan Kano kaf, babu. Wai sai an aiko da shi ta jirgin ruwa, wata huɗu. Ga birai sun sa dawata a gaba."

Maharazu ya jujjuya guntun ƙarfen, ya yi tsaki. "A kan wannan ɗan abin ka je Kano? Dawo jibi."

Baffansa, Malam Ishiyaku, wanda ya koya masa ƙira, yana zaune a gefe. Ya ce, "Maharazu, wannan ba adaka ba ce irin ta maharbanmu. Ƙarfinta ya wuce ƙarfen da ke gidan nan. Ka je ka nemo sifirin mota, ƙarfen nan mai lanƙwasa bai karye ba, ka bi shi a hankali."

"Baffa, ƙarfe ai ƙarfe ne."

Ya ɗauko tsohon gatari ya yanki ƙarfe, ya ƙera, ya goge da magagari har ya zauna daram. Ya gasa shi ja wur, ya tsoma a ruwan sanyi kamar yadda yake yi wa wuƙa. Abin ya fito yana sheƙi. Baffansa ya kalla, ya girgiza kai, domin ya san ƙarfen da ya yi tauri haka ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

Al'adar maƙeran gidan ita ce, duk bindigar da aka gyara sai an ɗaure ta a jikin kuka, a sa doguwar igiya a kunamarta, a ja daga nesa. Da Haliru ya dawo, mutane sun taru kallo, sai Malam Ishiyaku ya miƙo igiya.

Maharazu ya ture ta. "A ɗaure aikina a bishiya kamar akuya, jama'a na kallo? Da hannuna zan harba."

Haliru ya ce, "Malam Maharazu, na ga abin da bindiga ke yi wa mutum. Don Allah a ɗaure ta."

Ko kallonsa bai yi ba. Ya sa harsashi biyu, ya kafa ta a kafaɗa, ya kwantar da kunci, ya harba. Ta tashi lafiya, mutane suka ɗau sowa. Amma Malam Ishiyaku ya ji wani ɗan ƙas a cikin ƙarar, ya yi wuf ya miƙe.

"Ajiye ta, ɗan nan! Ya tsage!"

Maharazu ya yi murmushi, ya ja kunama ta biyu. Bindigar ta buɗe a fuskarsa. Da hayaƙi ya washe, sai ga shi a durƙushe, hannu biyu a ido, yana kiran baffansa. An kai shi asibiti a Kano, ya rayu, amma bai sake ganin hasken rana ba. Abin tausayi, mutumin da ake zuwa wurinsa daga garuruwa ya koma sai an ja masa sanda.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta hana a gwada aiki, kuma faɗin "ban sani ba" ba ya rage wa kowa daraja. Maharazu ya ji kunyar igiya a gaban mutane, ya biya da idanunsa. In na gaba da kai ya ce ka dakata, ka dakata, domin wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.