Tagar da Auta ya mayar ƙofa

Akwai wani kafinta da ake yi wa laƙabi da Dila, domin ko gaisawa kuka yi sai ka ƙirga yatsunka. Da mahaifinsu ya rasu ya bar musu shago, shi ya yi rabo tsakaninsa da ƙanensa Auta. Ya ja layi a tsakiya, ya ɗauki gaban shago da ƙofa da lafiyayyen katako, ya bar wa Auta lungun baya da tulin guntaye.

"In ka gaji ka sayar mini da ɓangarenka," in ji Dila. "Ni ba na son ka wahala."

Wayon a ci ke nan, wai an kori kare daga gindin ɗinya.

Duk mai sayen da ya shigo, tun daga bakin ƙofa Dila ke tare shi. Auta ya daɗe ko ƙusa bai buga ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don a lungun nan mahaifinsu ya fara danƙa masa zarto, kuma ya rantse ba zai rabu da lungun ba.

Wata rana ya leƙa ta tagar baya, ya ga mata tsaye cikin rana suna jiran 'ya'yansu su taso daga makaranta. Ya harhaɗa guntayen nan ya yi 'yan kujeru, ya miƙa musu ta taga su zauna. Wata ta ce a sayar mata, wata ta ce teburin karatu take so wa ɗanta. Kafin ka ce kwabo aiki ya yi wa Auta rubdugu, ya kira magini aka fasa tagar ta zama ƙofa.

Baya ya koma gaba! Dila ya riƙa wuni yana korar ƙuda, gudumar Auta na dukan kunnensa. Ran nan ya tsallako layin da ya ja da hannunsa, yana sosa ƙeya.

"Auta, ashe kai ma kana da wayo haka?"

"A'a, Yaya. Wayo a kan mutum ake yin sa. Ni a kan katako na yi, sunansa dabara." Ya miƙa masa zarto yana murmushi. "Ungo, taya ni, aiki ya yi mini yawa."

Darasi: Mai wayo yana neman abin da ke hannun wani, mai dabara yana sarrafa abin da ke hannunsa. Kada ka rama wayo da wayo, ka buɗe taka ƙofar. Tura wa wanda aka bar wa lungu, ko ya leƙa tagarsa.