Bhagul da Katangar Maƙabarta

Akwai wata mata a unguwarmu ta Shidi, can ƙasan garin Badin inda ƙasa ke gangarawa teku, ana kiranta Bhagul. Soyayyen kifi take sayarwa a bakin tasha. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma iya sassauta murya ba. Mijinta Khamiso ya ƙarar da ƙarfinsa yana dakon buhuna a injin casar shinkafa, har ƙaiƙayi ya cinye masa huhu.

Mu Shidi baƙaƙe ne. A jirgin ruwa aka kawo kakanninmu daga Afirka aka sayar. An daɗe da daina sayar da mu, amma ba a daina nuna mana wurin zamanmu ba. Har a maƙabarta.

Tsohuwar maƙabartar garin a kan gangare take. Sama ta masu gonaki ce, tsakiya ta sauran jama'a, mu kuma can gindi, dab da lambatun da ke kwashe ruwan gishiri. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan doka, babu kuma wanda ya taɓa karya ta.

A shekarar da damina ta yi ɓarna, Khamiso ya matsa sai an kai shi ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa. Bhagul ta ɗora shi a amalanken jaki. Da suka isa, babu kabari. Ruwa ne kore shar ya shanye gefenmu gaba ɗaya, kwaɗi na iyo a kai.

Khamiso ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Bhagul, ni ma nan za a jiƙa ni?"

Ta ce, "Rufe bakinka, tsohon banza. Wa ya ce maka ka kusa?"

"Tarina ya ce. Ban taɓa roƙonki komai ba sai ƙarin barkono. Kada ki bari a sa ni a ruwa."

Ta juya jakin da ƙarfin da bai yi laifin da ya kai haka ba.

A lokacin gwamnati ta ba garin sabon fili a kan tudu don a yi maƙabarta. Kowa ya yi murna. Sai ga shi kwamitin maƙabarta, wanda wani mai gonaki Haji Sobdar ke shugabanta, ya sa magina sun fara jan katanga a gefen da filin ya faɗa kwari. Ba sai an gaya mana na su wa ne bayan katangar ba.

Mutum ɗaya ne zai iya tsayar da aikin: Ra'is Dost Ali, ɗan majalisar da ke wakiltarmu a Karachi, don ta hannunsa filin ya fito. Mun zaɓe shi, iyayenmu sun zaɓi ubansa.

Mazan unguwa suka yi wanka, suka sa fararen kaya, suka tafi otak ɗinsa, wato zauren da yake karɓar baƙi maza. Jumo, ƙanen Khamiso, shi ne bakinsu.

To, a ƙasarmu akwai al'adar hal. Idan baƙo ya zauna ya sha ruwa, mai gida zai ce masa, "Ba mu hal." Baƙo zai zayyana duk abin da ya faru a wajensu: ruwan sama, amfanin gona, haihuwa, mutuwa, da abin da ya kawo shi. Ba a katse mai ba da hal, ko da maƙiyinka ne. Idan ya gama, mai gida ya ba da nasa. Wanda ya karya wannan, za a yi ta ba da labarinsa a kowane zaure har jikokinsa.

Da yamma mazan suka dawo. Bhagul na tsaye a bakin layi da ludayi a hannu.

"Ya tambaye ku hal?"

Jumo ya ce, "Ya tambaya, Adi." Haka muke kiran yaya mace.

"Me ka ce?"

"Na ce... lafiya lau, Sayin, gaisuwa muka kawo." Sayin shi ne ranka ya daɗe a wajenmu.

"Sai me?"

"Sai aka kawo shayi. Mai madara sosai, wallahi."

"A ina kuka zauna?"

Jumo ya sunkuyar da kai. A wajen takalma suka zauna, bakin ƙofa. Kuma babu wanda ya ce su zauna a nan. Ƙafafunsu ne suka kai su.

Bhagul ta ce, "Maza goma sha wani abu, da gemu da rawani, kun je kun gaya wa mutum lafiya lau alhali uwarku na kwance cikin ruwa. Da jakina na aika, da aƙalla ya yi kuka an ji."

Kada ku yi wa Jumo dariya da yawa. Wanda aka koya wa kakansa, aka koya wa ubansa, cewa amsar babba ita ce "lafiya lau", harshensa ba ya juyawa rana ɗaya.

Bhagul ta karɓi lambar wayar Ra'is ta fara kira. Kullum sakatarensa Lakhano ne ke ɗauka. Yau Sayin na Karachi, gobe Sayin na barci, jibi Sayin na taro. Da ta gaji ta je ƙofar gidan da kanta, Lakhano ya fito yana sakace, ya kira ta Masi, wato inna.

"Masi, ke ce mai cika mana waya? Ki koma gida. Ku dai idan ana biki a neme ku ku zo da ganguna. Maganar fili ta manya ce."

"Ɗana, ranar zaɓe ba ganga kuka ce in kawo ba. Yatsa kuka ce."

"Ai an gode."

"Ban zo karɓar godiya ba."

Ya rufe ƙofa. Katanga kuwa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Khamiso ya daina iya kwanciya, sai a jingine shi da bango.

Bhagul ba ta sake kira ba. Ta jira Babbar Sallah. Kashegarin Sallah kowane mai faɗa-a-ji na ƙauyukan yankin yakan zo otak ɗin Ra'is gaisuwa, kuma a ranar ba a rufe ƙofa.

Ta bi gida gida ta tara matan unguwa. Wasu suka ce mace ba ta shiga otak. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa za mu shiga."

Suka iso da hantsi, zauren cike, ana ta shan shayi ana dariya. Bhagul ta tsallake takalman nan da mazanmu suka zauna a gefensu, ta taka shimfiɗa har tsakiyar ɗaki, matan na biye da ita. Dariya ta mutu. Lakhano ya taso da gudu, amma ya makara, don idan mata sun tako zauren namiji da ƙafarsu, ba yaronsa ke korarsu ba. Dole shi ya tashi.

Ra'is Dost Ali mutum ne mai wayo. Ya miƙe da murmushi, ya sa aka kawo ajrak, mayafinmu na gargajiya, ya lulluɓa mata a ka, kamar yadda ake girmama mace a gaban jama'a. Aka ba ta ruwa. Ya koma ya zauna, ya kira ta Amma, wato uwa, ya ce abin da ya saba faɗa wa kowa ba tare da ya jira amsa ba.

"Amma, ba mu hal."

"Ka tambaya, Sayin?"

"Na tambaya mana."

"Jama'a kun ji ya tambaya."

Ta zauna daram. Ta fara yadda ake farawa. Ta ce an yi ruwa ya wuce kima, shinkafa ta kwanta, kifi ya yi tsada, baunar wance ta haihu, 'yar wane ta yi aure. Mutane suka fara sakin jiki. Sai ta shiga mutuwa.

Ta ce, "Yakub mai gyaran keke ya rasu, mun sa shi a gindin gangare, ruwa ya ci shi. Jaririn Sakina ya rasu, mun tona muka tarar da ruwa tun kafin mu kai gwiwa, muka kwashe da kwano muka sa shi a haka. Uwarsa har yau ba ta shan ruwa sai ta rufe ido."

Haji Sobdar, mai katanga, yana zaune a hannun daman Ra'is. Ya yi gyaran murya. "Sayin, yau ranar Sallah ce. Wannan magana a kai ta kwamiti..."

Wani tsoho daga ƙauyukan ƙabilar Baloch, wanda bai san Bhagul ba bai kuma damu da ita ba, ya buga sandarsa a ƙasa. "Haji, a gidanku ana katse hal? A namu ba a yi."

Haji ya haɗiye sauran.

Bhagul ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya ba duk wanda ya san ta tsoro. Ta kira matattunmu ɗaya bayan ɗaya, da sana'ar kowa da inda aka sa shi. Ta dubi Ra'is ta ce, "Nuran ungozoma, wadda ta yanke maka cibi, tana can ita ma."

Ra'is ya ɗago. "Masi Nuran ta rasu? Yaushe?"

"Ka ga amfanin tambayar hal, Sayin. Da ana ba ka na gaskiya, da ka sani."

Sannan ta kawo maganar sabon fili da katanga, da mijinta da ke jingine da bango yana jiran ya ji inda za a kai shi. Ta ce, "A masallaci kafaɗarmu na gogar taku, liman bai taɓa cewa baƙaƙe su koma baya ba. Likkafaninmu da naku a shago ɗaya ake yanko su. Ban san a wane littafi Haji ya karanta cewa ƙasa ma tana zaɓen fata ba. Hal ɗina ke nan. Saura naka."

Ra'is ya yi abin da irinsu ke yi. Ya ce zuciyarsa ta karaya, ya ce dukkanmu 'ya'yan Adamu ne, ya ce zai duba.

Ta ce, "Sayin, wannan wa'azi ne, ba hal ba. Hal shi ne abin da ya faru da abin da za a yi. Katangar nan za ta tsaya ko za ta faɗi?"

Haji ya kasa daurewa. "Haka muka gada! Kowa da gefensa. Mu muka ce ku zama baƙaƙe?"

"A'a, Haji. Wanda ya yi mu ka tambaya, ai kana hanyar zuwa wurinsa kamar kowa." Ta juya ga Ra'is. "Matattunmu ba sa jefa ƙuri'a, Sayin, shi ya sa aka raina su. Amma duk matar da ka gani a ɗakin nan tana da wani a cikin ruwan can, kuma ita tana jefawa."

Ba zan ce muku zuciyar Ra'is ce ta yi laushi ba, ban shiga cikinta ba. Abin da na sani, ya dubi matan, ya dubi baƙin da za su kwashi labarin nan zuwa kowane ƙauye kafin la'asar, ya yi lissafinsa. Ya ce a rushe katanga. Ya ce a sabuwar maƙabarta layi ɗaya za a bi: wanda ya riga mutuwa shi ke gaba, na bayansa a gefensa, ko ɗan wa ne.

Bhagul ta ce, "Yaushe?"

"Bayan Sallah, Amma."

"Yau ma bayan Sallah ne. Ga mu da hannuwa, izini kawai muke so, da mutum naka ɗaya ya tsaya kada a ce mun yi ɓarna."

Lakhano aka tura. Yana tsaye cikin rana da fararen kayansa na Sallah, matan Shidi suka sauke katangar bulo bayan bulo. Mazanmu da suka ji labari suka zo da gudu, Jumo a gaba, shi ya fi kowa zafin aiki. Bhagul ta ce masa, "Sannu, lafiya lau."

Ba a nan maganar ta mutu ba. Kwamiti ya yi ta jan ƙafa, sau biyu ana maido da bulo a asirce. Duk Juma'a Bhagul na bakin otak, har Ra'is ya gane cewa cika alkawarin ya fi masa sauƙi a kan ganin fuskarta.

Khamiso ya rasu da shigowar sanyi. Shi ne mutum na farko da aka sa a sabon fili, a ƙoƙuwar tudu. Masu tona suka yi ta tono har ƙirji, ƙasa busasshiya tana tashi kamar gari. Da Jumo ya dawo ya gaya mata, Bhagul ta ce, "Ka taɓa da hannunka?" Ya buɗe tafinsa ya nuna mata. A nan ne ta yi kuka.

Ba a yi wata ba yayan Haji Sobdar ya rasu. Aka yi ta shawara a gidansu, amma tsohuwar maƙabarta ta cika, layi kuma layi ne. Aka kwantar da shi kafaɗa da kafaɗa da ɗan dako. Har yau duk ranar da Haji ya je yi wa ɗan'uwansa addu'a, sai ya tsaya a kan Khamiso, don babu ta inda zai bi.

Darasi: Wanda kuka zaɓa ba ubangidanku ba ne, wakilinku ne, kuma ba zai gyara abin da kuka ce masa lafiya lau ba. Ku je inda yake, ku zauna a tsakiyar ɗaki, ku faɗi zaluncin da sunansa, ku nemi amsa mai rana, ku kuma koma har sai an cika. Allah bai halicci wata fata don gindin gangare ba. Ku tura wa duk wanda kuka san har yanzu yana zama a wajen takalma.