Fara Dubu da Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku bar surutu.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Dabbobi bakwai suka kama fara dubu da ɗaya. A al'adarsu ba a cin rabon da ya bar saura. Kura ta kori Bushiya, wai ta cika ƙanƙanta. Aka kasa kashi shida, fara biyar suka rage. Da yunwa ta ishe su, aka kirawo Bushiya.

Ta zo tana huci. "Ke Kura, uwar haɗama, farar nan sai bakwai take rabuwa."

"To zauna mana, ƙanwata."

"Wace ƙanwar? Bakwai ake nema, ba ke ba. Ga mijina."

Sauran suka nuna wa Kura hanya.

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan.