Kwandon Duwatsu a Cikin Rijiya

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake can gefen ƙauye, nesa da rafi. Shi da iyalinsa a wani tafki suke ɗiban ruwan sha, inda shanu ma suke sha. Ruwan nan ya sa wa matarsa Rahila kurkunu a ƙafa, har ta kai ba ta iya ɗaukar tulu. Ga rani ya yi nisa, tafkin kuma kullum ja da baya yake yi, yana barin taɓo mai wari. Mutumin ya duba, ya ga in bai sami ruwa a gidansa ba kafin tafkin ya ƙafe, dole ya kwashi iyalinsa su bar gonar ubansa, su tafi inda ba su san kowa ba.

Sai ya ɗauki dagi ya fara haƙa rijiya a bayan rumbunsa. Shi kuwa bai taɓa haƙa abin da ya wuce ramin shuka ba. Maƙwabta suka zo suka leƙa, suka kaɗa kai, suka ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kun dai san irinsu, baki gare su har kunne, hannun taimako ne kawai Allah bai ba su ba. Wansa Irimiya ne kaɗai ya tsaya masa, domin ya taɓa bin mahaƙan rijiya a lokacin ƙuruciyarsa. Shi yake riƙe igiyar da aka ɗaura wa mutumin a ƙugu, shi yake jawo kwandon ƙasa da wata igiyar. Suka yi alkawari cewa in abu ya ɓaci a ƙasa, mutumin ya girgiza igiya.

Kwanaki suka shuɗe. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, tafin hannunsa ya farfashe, amma ko laima bai gani ba. Ramin ya yi zurfi har in ya ɗaga kai, sararin sama bai fi faifai ba. Iska ta yi ƙaranci, zafi ya yi yawa, ba ya jin komai sai numfashinsa. Kowace safiya, in aka fara zura shi, tsoro yake ji ƙwarai, ba na wasa ba.

Ana nan, wata rana da tsakar rana, yana cikin haƙa, sai ya ji wani abu ya zubo masa a wuya. Ya shafa, ya ji yashi ne. Ya juya ya ga bangon ramin yana zuba a hankali, daga nan ya tsage, wani ɓangare ya ɓallo ya rufe masa ƙafafu har ƙwauri. Ya tuna da mutanen da aka ce rijiya ta rufta da su, aka mai da ramin kabarinsu. Ya kama igiya da hannu biyu ya girgiza ta da dukan ƙarfinsa, ya tsaya yana jira a ja shi sama.

Ba a ja shi ba. Sai ya ga hasken sama ya dushe, wani abu yana saukowa a kansa. Da ya iso, ashe kwando ne cike da duwatsu.

Mutumin ya fashe da kuka, ya ɗaga murya ya ce, “Yaya, fito da ni na roƙa. Ko so kake ka binne ni da raina?”

Muryar Irimiya ta sauko daga nesa, da ƙyar ake jinta. Ya ce, “Ƙanena, taɓa yashin nan ka ji. Ƙasa ba ta zuba haka sai ta jiƙe. Jera duwatsun a jikin bango, ka tokare shi. In ka fito yanzu, kafin gobe ramin ya rufe, ba mu da lokacin sake wani. Igiyarka tana hannuna.”

Mutumin ya damƙi yashin, ya ji shi da sanyi. Tsoron bai tafi ba. Duk da haka ya ɗauki dutse ya ajiye, ya ɗora wani a kai. Kwando ya hau, wani ya sauko, yashi yana ta zubo masa a ka. Bai san ko bangon zai tsaya ba, bai kuma ga fuskar mai riƙe da shi ba. Haka ya yi ta jerawa har zubar ta tsaya. Sa'an nan ya buga dagi a tsakiyar ramin, sai ruwa ya tsatso tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, rijiyar nan ita ce aikin kirki mai wuya da Ubangiji ya sa a gabanka, ko karatu ne, ko renon ɗa mai taurin kai, ko jinyar mahaifi, ko riƙe bangaskiya a inda ake yi maka dariya. Mai riƙe igiya shi ne Ubangiji, wanda ba ka ganinsa daga ƙasan rami. Girgiza igiya ita ce addu'armu ta ranar tsoro. Mukan ce, “Ya Ubangiji, fitar da ni,” shi kuwa wani lokaci sai ya sauko mana da ƙarin aiki, mu kuma mu ɗauka ya ƙi mu. Bai ƙi mu ba, daga sama yake kallo, ya san abin da zubar bangon take nufi.

Ba na cewa kada ku ji tsoro. Ni ma ina ji, wanda ya ce muku ba ya ji kuwa bai taɓa shiga rami ba. Abin da nake tsoro ya fi wannan, shi ne yawan ayyukan da muka fara da sunan Ubangiji, muka gudu muka bar su a rabi, muna ce wa kanmu ai ba a yi asarar komai ba. 'Yan'uwana, rijiyar da aka bari a rabi ba ta komawa fili. Rami take zama a bayan gidanka, 'ya'yanka kuma su ne masu wasa a bakinsa.